Jifa a Kasuwa: Shin Ruwan Bama-bamai a Kan Jamus Ya Ci Yaƙi?

A watan Agustan 1941, wani matashin ma'aikacin gwamnatin Birtaniya mai suna David Bensusan-Butt ya zauna da hotuna 633 a gabansa. Kyamarorin da aka ɗaura wa jiragen yaƙin Birtaniya ne suka ɗauki hotunan da daddare, a daidai lokacin da jirgi ke sakin bom, cikin watannin Yuni da Yuli na shekarar. Aikin da aka ba shi shi ne ya gwada abin da matuƙa jirage suka ce sun yi da abin da hoto ya nuna.

Ga abin da ya samu. Cikin jiragen da suka dawo suka ce sun kai hari inda aka aike su, ɗaya cikin uku ne kawai ya isa cikin tazarar mil 5, wato kilomita 8, daga wurin. A yankin Ruhr, cibiyar masana'antun Jamus, ɗaya ne cikin goma.

Mai karatu, ɗan yi lissafin da kanka. Da'irar da ke da kilomita 8 daga tsakiya zuwa baki tana da faɗin murabba'in kilomita kusan 200. Ka ga ke nan wanda aka ce "ya samu" ma yana iya jefa bom ɗinsa a gonar da ke nesa da masana'anta da tafiyar awa ɗaya da rabi a ƙafa. Sauran kashi biyun kuwa ko cikin da'irar ba su shiga ba.

Wannan rahoto shi ne mafarin ɗaya daga cikin muhawarorin da har yau masana tarihi ba su rufe ba. Tambayoyi biyu ne a cikinta. Ta farko: luguden wutar da Birtaniya da Amurka suka yi wa biranen Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki? Ta biyu: ko da ya yi aiki, daidai ne? Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Inda tunanin ya samo asali

A Afirka aka fara jefa bom daga jirgin sama. Wani matuƙin jirgin Italiya, Giulio Gavotti, ne ya yi haka kusa da Tarabulus ta Libiya a watan Nuwamban 1911. Bayan shekara goma, a 1921, wani janar ɗin Italiya mai suna Giulio Douhet ya wallafa littafin da ya kafa aƙidar. A ganinsa babu dalilin da sojoji za su shekara suna kashe juna a ramuka kamar yadda aka yi a Yaƙin Duniya na Farko. Ka tsallake sojojin ta sama, ka far wa biranensu, jama'a za su firgita su tilasta wa gwamnatinsu ta miƙa wuya cikin 'yan makonni.

Ka lura, wannan hasashe ne, babu wanda ya gwada shi. Amma manyan hafsoshin sojin sama a ƙasashe da dama sun karɓe shi hannu bibbiyu, domin yana ba rundunarsu matsayi da kasafin kuɗi nata na kanta.

Jamus ce ta fara gwada shi a kan biranen Turai: Guernica ta Sifaniya a 1937, Warsaw a 1939, Rotterdam a 1940. Daga Satumban 1940 zuwa Mayun 1941 ta yi wa Landan da Coventry da sauran biranen Birtaniya ruwan bama-bamai, fararen hula sama da 40,000 suka mutu. Birtaniya ba ta miƙa wuya ba. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo gare shi.

In ba ka iya samun masana'anta, sami garin

Bayan rahoton Butt, Birtaniya ta tsaya a mararraba. Da rana jiragenta ba sa iya shiga Jamus, kakkaɓo su ake yi. Da daddare kuma ba sa ganin inda suke. Sojojinta na ƙasa an kore su daga Faransa tun 1940, Tarayyar Sobiyet ce ke ɗauke da nauyin yaƙin, Stalin kuma yana ta matsa wa Churchill lamba ya yi wani abu. Jirgin sama ne kaɗai makamin da ke iya taɓa Jamus.

Sai aka canja abin da ake hari. Ranar 14 ga Fabrairun 1942 aka ba rundunar jiragen bom umarni cewa daga yanzu abin da za ta sa a gaba shi ne karya ƙwarin gwiwar fararen hular Jamus, musamman ma'aikatan masana'antu. Bayan mako guda aka naɗa Arthur Harris shugaban rundunar, mutumin da ya yi imani da wannan hanya har ƙarshen ransa.

A nan masana kimiyya suka shigo, kuma suka raba gari. Frederick Lindemann, farfesan fiziks a Oxford kuma mai ba Churchill shawara, ya rubuta takarda a ƙarshen Maris 1942. Lissafinsa shi ne: tan kaza na bom yana rushe gidaje kaza, jirgi ɗaya yana iya kai tan kaza kafin a harbo shi, saboda haka za a iya raba kusan kashi ɗaya cikin uku na Jamusawa da gidajensu, ruhinsu kuma ya karye. Ya ce ya dogara ne da binciken da aka yi a kan biranen Hull da Birmingham bayan harin Jamus.

Matsalar ita ce, masu binciken, Solly Zuckerman da J. D. Bernal, ba abin da suka gano ke nan ba. Sun tarar mutanen biranen biyu sun sha wuya matuƙa, amma ba su ga alamar rugujewar ƙwarin gwiwa ba. Wasu manyan masana biyu kuma, Henry Tizard da Patrick Blackett, suka duba lissafin Lindemann. Tizard ya ce an ninka ɓarnar da za a iya yi sau biyar, Blackett ya ce sau shida. Sun fi son a tura jiragen farautar jiragen ruwan Jamus masu nutso a Tekun Atlantika. Lindemann ne ke da kunnen Churchill, shi ya yi nasara.

Hamburg: yadda gobara ke zama guguwa

Abin da wannan manufa ke nufi a aikace ya bayyana a Hamburg a ƙarshen Yulin 1943. Abubuwa uku suka haɗu.

Na farko, an makantar da na'urorin radar Jamus. Rada tana aika zangon rediyo ne, ta saurari wanda ya bugi ƙarfe ya dawo. Sai Birtaniya ta yanka siraran takardu masu rufin alminiyom, tsawonsu kusan rabin tsawon zangon da radar ke amfani da shi, domin a wannan tsawon ne suka fi maido da sigina. Jirage suka riƙa watsa su dami-dami, allon radar ya cika da jiragen ƙarya. A daren farko jirage kusan 800 suka tafi, 12 ne kawai ba su dawo ba.

Na biyu, salon bom ɗin. Ana fara jefa manya masu fashewa su yaye rufi, su fasa tagogi da bututun ruwa. Sannan a bi da dubban ƙanana masu kunna wuta su faɗa cikin gidajen da aka buɗe.

Na uku, yanayi. An yi kwanaki ana zafi, iska ta bushe.

In ka taɓa kallon maƙeri yana zuga, ka san iska ce abincin wuta. Haka in ka hura gawayi a kurfoti, iska mai zafi tana tashi sama, mai sanyi tana shigowa ta ƙasa ta maye gurbinta. A daren 27 ga Yuli, dubban gobara a unguwannin ma'aikata da ke gabashin Hamburg suka haɗe suka zama guda. Iskar da ta yi zafi ta tashi sama da ƙarfi, ta kewaye ta kwararo ta tituna da gudun da ke tumɓuke bishiya, ta ƙara hura wutar, wutar ta ƙara jan iska. Garin ya zama zugazugin kansa. Kwalta ta narke a tituna. Da yawa daga waɗanda suka ɓuya a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa wuta ba ta taɓa su ba, iskar kabon monoksaid ce ta kashe su, irin dai wadda ke kashe iyali in an kwana da janareto a cikin ɗaki.

Cikin kwana goma na hare-haren, mutum kusan 37,000 zuwa 40,000 suka mutu, akasarinsu a wannan dare guda. Kusan miliyan ɗaya suka bar garin. Albert Speer, ministan makaman Hitler, ya gaya masa cewa in aka yi wa wasu birane shida irin wannan, ƙera makamai zai tsaya cik.

To, ya yi aiki?

Ba a iya maimaita Hamburg sau shida ba, domin guguwar wuta tana buƙatar yanayin da ba a yin odarsa. Hamburg kanta, cikin 'yan watanni yawancin masana'antunta sun koma aiki.

Bayan yaƙi Amurka ta tura ayarin bincike, sama da mutum dubu, su auna abin da bama-baman suka yi. Cikinsu akwai masanin tattalin arziki John Kenneth Galbraith. Abin da suka tarar ya ba da mamaki: ƙera makaman Jamus ya ninka kusan sau uku daga farkon 1942 zuwa tsakiyar 1944, a daidai lokacin da ake mata ruwan wuta. Jiragen sama kusan 15,000 ta ƙera a 1942, a 1944 kuwa kusan 40,000. Galbraith ya ma lura cewa a Hamburg, ƙonewar shaguna da gidajen abinci da ofisoshin tsakiyar gari ta tura ma'aikatansu neman aiki a masana'antun yaƙi da ke bayan gari.

Ƙwarin gwiwa fa? Mutane sun gaji, sun tsorata, da yawa sun fid da rai da nasara. Amma sun ci gaba da zuwa aiki. Wanda gidansa ya ƙone, abinci da wurin kwana yake nema, kuma gwamnati ce ke rabawa. A ƙasar da 'yan sandan ciki ke iya kama mutum saboda maganar da ya yi a layin burodi, ta ina tawaye zai fito? Abin da ya faru a Landan a 1940, da abin da Zuckerman da Bernal suka gani a Hull, shi ya sake faruwa a Jamus.

Kada ka yi saurin yanke hukunci dai, akwai ɗaya ɓangaren, kuma hujjojinsa masu nauyi ne. Cewa ƙera makamai ya ƙaru bai nuna bom bai yi komai ba. Tambayar da ta dace ita ce, da ba a yi harin ba, nawa zai ƙaru? Masanin tarihi Richard Overy ya kawo lissafin da jami'an Speer suka yi a Janairun 1945: a 1944 tankokin da aka ƙera sun gaza abin da aka tsara da kashi 35 cikin 100, jiragen sama da kashi 31, manyan motoci da kashi 42. Adam Tooze kuma ya nuna cewa hare-haren Ruhr na 1943 sun taɓa ƙarfe da kwal har haɓakar ƙera makamai ta tsaya na watanni. Ƙari a kan haka, dole Jamus ta janye yawancin jiragenta masu farauta, da dubban manyan bindigogi, da ɗaruruwan dubban mutane, domin tsare sararin gida. Duk bindigar da ke kallon sama a Balin, ba ta kallon tankar Rasha.

Sai dai in ka tambaya wane hari ne ya fi karya Jamus, amsar ba ƙona unguwanni ba ce. Amurkawa sun zo da wata dabara: su kai hari da rana a kan masana'antu zaɓaɓɓu. Da farko sun sha kashi. A harin masana'antun boris na Schweinfurt ranar 14 ga Oktoban 1943, jirage 60 cikin 291 ba su dawo ba. Saitin nasu ma ba kamar yadda suke tallatawa ba ne: ayarin binciken ya gano kusan kashi 20 cikin 100 ne kawai na bama-baman ke faɗawa cikin tazarar mita 300 daga abin da aka nufa. Amma a farkon 1944 suka samu jirgin rakiya mai dogon zango, Mustang, wanda ya riƙa cinye matuƙa jiragen Jamus fiye da yadda za a iya horar da sababbi. Daga Mayun 1944 aka far wa matatun da ke sarrafa kwal ya zama mai. Zuwa Satumba, man jirgin sama da Jamus ke samarwa ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin 100. Sababbin jirage suka zauna a ƙasa babu mai. Aka bi da hanyoyin jirgin ƙasa da magudanan jiragen ruwa, shawarar da Zuckerman ya dage a kai, kwal ya daina isa masana'antu.

Saboda haka amsar tambaya ta farko kashi biyu ce. Yaƙin sama gaba ɗayansa ya taimaka ƙwarai wajen kayar da Jamus. Amma ɓangaren da aka gina a kan firgita fararen hula su miƙa wuya bai cim ma burinsa ba. Sai da sojojin ƙasa suka shiga Balin.

Abin da aka biya

Fararen hular Jamus da suka mutu, ƙiyasin masana ya kama daga kusan 350,000 zuwa rabin miliyan. A Faransa, ƙasar da ake ƙoƙarin 'yantarwa, bama-baman ƙawance sun kashe sama da 50,000.

Su ma masu jefawar ba su tsira ba. Cikin ma'aikatan jirgi kusan 125,000 da suka yi aiki a rundunar Harris, 55,573 sun mutu, wato kashi 44 cikin 100. Ana buƙatar mutum ya yi tafiya 30 kafin a hutar da shi. In a kowace tafiya ana rasa jirgi 5 cikin 100, ninka 0.95 sau 30 ka gani: kusan 0.21. Mutum ɗaya cikin biyar ke nan zai kammala.

Freeman Dyson, wanda daga baya ya zama shahararren masanin fiziks, yana ɗan shekara 19 ya fara aikin ƙididdiga a hedikwatar rundunar a 1943. Ana gaya wa samari cewa in suka ƙware za su fi tsira. Alƙalumansa suka nuna ƙwararre da sabon shiga daidai suke mutuwa. Dalilin, wanda ba a gane da wuri ba, shi ne jiragen Jamus sun samu bindigogi masu harbi sama, suna laɓowa ta ƙarƙashin jirgi inda ba mai ganinsu. Dyson ya rubuta daga baya yadda ya riƙa ja da baya daga matsayinsa na ɗabi'a taki ɗaya bayan ɗaya, yana lissafin yadda za a kashe mutane da rahusa, har ya rasa inda zai tsaya.

Tambaya ta biyu: daidai ne?

Wasu sukan ce bai kamata mu auna mutanen da da ma'aunin yau ba. Amma tun a lokacin an yi musun. Ranar 9 ga Fabrairun 1944, Bishop George Bell na Chichester, wanda ya daɗe yana adawa da 'yan Nazi, ya tashi a Majalisar Dattawan Birtaniya ya ƙalubalanci shafe birane gaba ɗaya. Hujjarsa ita ce ƙasar da ta ce tana yaƙi domin kare doka ba za ta rushe bambancin soja da farar hula ba. Gwamnati ta riƙa gaya wa jama'a wuraren soja ake hari. Harris kansa bai ji daɗin wannan rufa-rufar ba, ya nemi a fito fili a faɗi cewa rusa birane da kashe ma'aikata shi ne manufar.

Masu kare harin suna cewa: Jamus ce ta fara, gwamnatinta tana kashe miliyoyin Yahudawa da wasu a sansanoni, kowace rana da aka rage wa yaƙin rayuka ce aka ceta, ma'aikacin da ke ƙera tanka kuma ɓangare ne na yaƙin. Masu suka suna amsawa: jaririn da ke goye a bayan matar ma'aikacin fa? Laifin abokin gaba ba ya halatta maka irinsa. Wannan ba baƙuwar magana ba ce ga wanda ya san wasiyyar Halifa Abubakar ga rundunarsa, inda ya hana kashe mata da yara da tsofaffi da sare itatuwa masu 'ya'ya.

Akwai masu tsayawa a tsakiya. Michael Walzer, a littafinsa na 1977 a kan yaƙin adalci, ya ce wataƙila a yi wa Birtaniya uzurin larura a 1940 da 1941, lokacin da take ita kaɗai a bakin halaka, amma uzurin ya ƙare da aka ga Jamus ba za ta ci yaƙin ba. Nan ne lissafin lokaci ke da muhimmanci: fiye da kashi 70 cikin 100 na bama-baman da aka jefa wa Jamus sun faɗa ne bayan 1 ga Yulin 1944, lokacin da saiti ya inganta, matatun mai kuma suna nan a matsayin zaɓi. Harris ya yi ta jayayya da shugabansa Charles Portal a kan hakan, yana fifita birane. Dresden ta ƙone daga 13 zuwa 15 ga Fabrairun 1945. Kwamitin masana tarihi ya kammala a 2010 cewa waɗanda suka mutu sun kai har 25,000, duk da farfagandar Nazi ta ce 200,000. Bayan kwana goma, Pforzheim ta rasa kusan mutum 17,000 cikin minti ashirin da 'yan kai. A ƙarshen Maris, Churchill da kansa ya rubuta cewa lokaci ya yi da za a sake duba batun kai wa birane hari don ƙara firgici kawai. Hafsoshi suka fusata, ya janye takardar ya sassauta lafazinta.

Ni dai a karatuna, tambayoyin biyu ba sa rabuwa. Duk wanda ya kare ƙona birane, da larura yake kare shi, larura kuma magana ce da ake iya aunawa. Shaidar da ke hannu tun 1942 ta nuna firgita jama'a ba ya sa su miƙa wuya, kuma daga tsakiyar 1944 akwai hanyar da ta fi aiki. Hamburg ana iya jayayya a kanta. Dresden da Pforzheim kam ban ga uzurinsu ba.

Abin da ya biyo baya

A shari'ar Nuremberg ba a hukunta kowa saboda jefa wa birane bom ba, domin duk ɓangarorin sun yi. Sai a 1977 aka ƙara wa Yarjejeniyoyin Geneva wani sashe da ya haramta harin kan mai uwa da wabi, ya hana ɗaukar gari guda a matsayin abin hari ɗaya, ya kuma wajabta auna asarar fararen hula da amfanin sojan da ake tsammani. Najeriya da Nijar suna cikin ƙasashen da suka amince da shi. Amurka har yau ba ta tabbatar da shi ba.

Yanzu bom yana iya faɗawa cikin 'yan mitoci daga inda aka nufa. Kuskuren ya koma wurin gane waye ke ƙasa. Mun gani a Rann ta jihar Borno a Janairun 2017, inda jirgin sojin sama ya jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira. Mun sake gani a Tudun Biri ta jihar Kaduna a Disamban 2023, inda jirgi marar matuƙi na sojin ƙasa ya faɗa wa masu taron Maulidi, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce aƙalla mutum 85 suka rasu. Waɗannan kura-kurai ne da hukumomin soja suka amsa, ba manufa irin ta Harris ba, kuma bai dace a haɗa su a kwando ɗaya ba. Abin da ya haɗa su da labarinmu shi ne tazarar da ke tsakanin abin da na sama ya ɗauka ya samu da abin da ke ƙasa.

Saboda haka in ka karanta sanarwar cewa luguden wuta ta sama ya hallaka 'yan bindiga kaza, ko a ina ne a duniya, yi tambayoyin da Butt ya yi wa hotunansa 633. Wa ya ƙirga? Daga sama ya ƙirga ko ya sauka ƙasa? Akwai wanda ba ya ƙarƙashin rundunar da ya duba lissafin? Sannan bayan wata shida, hare-haren da aka ce za a dakatar sun ragu?